Sarkin da ke cikin tsohon zanen nan, Jamshid ne kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani tsohon zane a takarda, an ce daga littafin wani Bature matafiyi aka ciro shi. Sarki ne zaune a kan karaga, gemu har ƙirji, wani bafade a bayansa yana kore masa ƙuda. Mai sayarwa ya ce Jamshid ne, sarkin Farisa. Da gaske kamanninsa ke nan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, mai sayarwar bai yi maka ƙarya da gangan ba, amma ba Jamshid ba ne. Yadda ka siffanta zanen, an kwaikwayo shi ne daga sassaƙen dutse na kufan Fasifolis, kusa da Shiraz a ƙasar Iran. Sarki Dariyus na Ɗaya ne ya fara gina wurin wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iskandar na Makidoniya kuma ya ƙone shi a 330. Wanda ke kan karagar ko dai Dariyus ne, ko ɗansa Zaksis, ko jikansa. Da zamani ya yi nisa, babu sauran mai iya karanta rubutun da ke jikin duwatsun, sai mutanen ƙasar suka ba kufan sunan sarkin da suka sani a labari, suka kira shi Takti Jamshid, wato gadon sarautar Jamshid. Shi kuwa Jamshid sarkin almara ne, wanda mawaƙin Farisa Firdausi ya ce a littafinsa Shahnama ya yi shekara 700 yana mulki.

Ba nan kaɗai aka yi haka ba. A Nakshi Rustam, kusa da Fasifolis, akwai sassaƙen Sarki Shafur na Ɗaya a kan doki, yana murnar kama Baleriyan, sarkin Rum, a shekara ta 260 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), amma jama'a suka ce jarumi Rustam ne. Kabarin Sairus, wani tsohon sarkin Farisa, a Fasargada ya daɗe ana kiransa kabarin mahaifiyar Annabi Sulaiman (AS). Turawan ma sun yi nasu. Da Robert Ker Porter ya ga dutsen Bisitun, inda Dariyus ya taka wani abokin gaba ga wasu tara a ɗaure a gabansa, sai ya ɗauka sarkin Assuriya ne da kamammun Bani Isra'ila.

Maganar kamanni kuwa, a nan nake so ka yi hattara. Hannu biyu ne aƙalla tsakaninka da dutsen. Matafiyi zai zana da fensir a cikin rana da ƙura, sannan wani maƙeri a Amsadam ko Landan, wanda bai taɓa taka Farisa ba, ya sassaƙa zanen a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danne takarda a kai. Inda dutse ya lalace sai ya cike da abin da idonsa ya saba gani, shi ya sa wasu sarakunan ke fitowa da fuskar Turawa. Ko dutsen kansa ba kamannin mutum ɗaya ya ɗauko ba, siffar sarauta ce, domin Dariyus da Zaksis kusan fuska ɗaya aka yi musu.

Duk da haka ban yarda a raina waɗannan takardu ba. Cornelis de Bruijn, ɗan Holan, ya yi kusan wata uku a kufan daga ƙarshen 1704 yana zane, littafinsa ya fito a 1711. Carsten Niebuhr ya kwafi rubutun a 1765 da natsuwa ƙwarai, kuma da kwafinsa ne wani malami Bajamushe mai suna Grotefend ya karanto sunayen Dariyus da Zaksis a 1802. Ka ga ashe zanen ne ya mayar wa sarakunan da sunayensu, kuma wannan yana burge ni har yau.

In za ka saya, shafa gefen hoton da yatsa. Na asali yana da ɗan zurfi a kewaye, shaidar bakin farantin, layukan tawadar kuma suna ɗan tasowa. Ɗaga takardar a haske, in ta girmi ƙarshen ƙarni na 18 galibi za ka ga siraran layuka a jikinta. Daga ƙasa, sunan da "del." ke biye da shi na mai zanen ne, mai "sc." kuma na wanda ya sassaƙa farantin. In ka sa gilashin ƙara girma ka ga ɗige-ɗige jere kamar hoton jarida, bugun zamani ne, kada ka biya kuɗin tsoho.