Tambaya da Amsa: Wane Suna Zan Raɗa Wa 'Yata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni magidanci ne a unguwar Mabera cikin Sakkwato, kuma uwargidana tana gab da haihuwa, likita ya ce mace ce in Allah ya so. Ita tana son a sa wa jaririyar Afnan ko Sidra, mahaifiyata kuma ta roƙe ni in mayar da sunan tata mahaifiyar, marigayiya Hauwa'u. Ina neman bayani kan asali da ma'anar waɗannan sunaye, da shawarar da za ta hana ɓacin rai a gidana.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sauke ta lafiya, ya kuma raya abin da za a samu.

Sunayen da uwargidanka ta zaɓa kalmomin Larabci ne, kuma dukansu sun zo a Alƙur'ani. Afnan na nufin rassan bishiya, ta zo a Suratur Rahman inda aka siffanta gidajen Aljanna biyu masu rassa. Sidra kuwa magarya ce, ita ce a cikin Sidratul Muntaha ta Suratun Najm, wadda malamanmu suke fassarawa da magaryar tuƙewa. Babu laifi a cikinsu, kuma na fahimci abin da ke jan hankalin iyaye mata na yanzu zuwa gare su da irin su Ilham da Hanan da Yusra: gajeru ne, suna da daɗin faɗa, kuma yarinya ba za ta shiga aji ta tarar da takwarori biyar ba. Abin da nake jan hankali a kansa shi ne, zuwan kalma a Alƙur'ani kaɗai bai isa ya mayar da ita suna mai kyau ba, domin sunan Fir'auna ma yana ciki, saboda haka a riƙa tambayar malami ma'ana kafin ranar suna.

Hauwa'u suna ne na matar Annabi Adamu (AS), uwar 'yan Adam, kuma malamai suna danganta shi da rayuwa. A Sakkwato yana da wani nauyi na daban, domin shi ne sunan mahaifiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Gidan Shehu ma abin dubawa ne a wannan sha'ani. 'Ya'yansa mata sun haɗa da Khadija da Fatima da Maryam da Asma'u, sunayen matan da tarihin addini ya san matsayinsu. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tagwai ce, abokin tagwaitakarta shi ne Hassan, kuma bisa al'ada Husaina za a kira ta, amma Shehu ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri lokacin hijira. Yarinyar ta girma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a ƙauyuka. A ganina wannan shi ne babban abin sha'awa a irin waɗannan sunaye: suna ɗaura yarinya da wata mace da za a iya ba ta labarinta, ta taso tana da wadda za ta yi koyi da ita.

Ga inda al'adarmu ta sauƙaƙa maka. Idan aka raɗa wa jaririya sunan kakar mahaifinta, babu wanda zai kama sunan kai tsaye a gidan saboda alkunya. Mahaifiyarka da kanta, ranar da ta karɓi jaririyar a zanen goyo, ba za ta iya buɗe baki ta ce Hauwa'u ba, sai dai ta ce Inna ko Ummi ko mai sunan tsohuwa. Wannan kunya tana cikin dalilan da suka yawaita laƙubba a wurinmu: Hauwa'u ta zama Kulu ko Jidda, A'ishatu ta zama Indo, Fatima ta zama Binta, Khadija ta zama Dije, Maryam ta zama Mairo. Kakanninmu sun kuma riƙa kiran yarinya da ranar haihuwarta, kamar Ladi da Talatu da Balaraba da Lami da Jummai da Asabe, ko da halin da ta zo a cikinsa, kamar Azumi da Tasalla, da Kande wadda ta biyo bayan maza. Kowace daga cikinsu tana da sunan yanka daban.

Shawarata ita ce a yanka rago da sunan Hauwa'u, a kuma bar wa mahaifiyar yarinyar ta kira ta Afnan ko Sidra, wanda ta fi so. Ko da yake malamai sun ce idan aka saɓa haƙƙin raɗa suna na uba ne, kada ka yanke hukunci ita kuma ta ji shi daga bakin sanƙira da safiyar rana ta bakwai. Ka zauna da ita tun yanzu, ka faɗa mata ko wace ce marigayiyar da irin halinta, domin wadda ta ɗauki cikin wata tara ta cancanci a nemi yardarta.

Sai kuma batun takardu, wanda iyaye da yawa suke sakaci da shi. Ku tsayar da yadda za a rubuta sunan a takardar haihuwa, kuma a bi shi harafi da harafi a makaranta da katin shaidar ɗan ƙasa, domin idan wata takarda ta ce Hauwa'u wata ta ce Afnan, yarinyar ce za ta sha wahalar gyara lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a.