Gwajin kafin aure ya fito lafiya, shin na tsira daga ciwon mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu ya fara fizge-fizgen hannu da kafaɗa yana ɗan shekara 44, har kofin shayi yakan suɓuce masa, ga yawan fushi da mantuwa. An yi ta ruƙiyya kafin asibiti su ce cutar Huntington ce. Na yi gwajin kafin aure, ya fito lafiya, kuma wanda zan aura bare ne. Shin na tsira? Daga wata mai karatu a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi sauƙi. Gwajin da Saudiyya ta wajabta tun 2004 sikila da talasimiya (wata cutar jini ta gado) yake nema, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau, saboda haka takardar da ke hannunki ba ta taɓo wannan cuta ba. Auren bare ma ba kariya ba ne, domin ita ba kamar sikila take ba, wadda sai an gado daga uwa da uba. Daga ɗayansu kaɗai ta wadatar, kuma kowane ɗa, namiji ko mace, yiwuwar ya gada rabi da rabi ne.

A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa cutar Huntington a kan kuromosom na 4 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki), bayan shekaru ana ɗibar jinin dangogin masunta na gaɓar tafkin Marakaibo a Benezuwela, aikin da Nancy Wexler, wadda cutar ta ɗauke mahaifiyarta, ta jagoranta. A cikin ƙwayar akwai haruffa uku, CAG, da suke maimaituwa kamar ɗalibin da ya maƙale a kan kalma ɗaya a allo. Ƙasa da sau 27 lafiya ne, daga 36 zuwa 39 tana iya bayyana ko ta ƙi, daga 40 kuwa za ta bayyana in rai ya yi tsawo. Idan daga uba aka gado, maimaicin yakan ƙaru, ciwon ya zo da wuri.

Akwai gwajin jini na musamman da yake ƙirga maimaicin, sai dai har yanzu babu maganin warkewa. Maganin Tetrabenazine fizgar kawai yake ragewa. Don haka ba na so ki yi shi da gaggawar ranar aure. Ki fara zama da likitan cututtukan gado, ki tafi da wanda kika amince da shi, kada kuma a gwada ƙannenki da ba su kai shekara 18 ba. Shi kuwa manemin naki, a ganina ya kamata ya ji daga bakinki kafin a sa rana.