Na bar sallah shekara uku da gangan: tuba ta isa, ko sai na rama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara sani. Ni matashi ne. Da na bar gida na tafi neman kuɗi, na yi kusan shekara uku ba na sallah. Na san farilla ce, lalaci ne kawai da zama da abokan banza. Yanzu na dawo kan hanya. Wani ya ce sai na rama duka, wani kuma ya ce wanda ya bari da gangan ko ya rama ba za a karɓa ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan damuwar da ta sa ka yi tambaya ita ce nadama, kuma nadama ce ƙashin bayan tuba. Laifin babba ne, ba zan rage maka shi ba. A Suratu Maryam, aya ta 59, Allah Ya yi wa waɗanda suka tozarta sallah suka bi sha'awa alkawarin azaba. Amma aya ta 60 da ke biye ta ware wanda ya tuba, ya yi imani, ya yi aiki nagari. Tunda ba musun wajabcin sallah ka yi ba, mafi yawan malamai suna ganin kai Musulmi ne mai saɓo, ƙofa kuma a buɗe take.

Mutanen nan biyu da suka ba ka amsa, kowanne yana da malaman da suka riga shi. Mazhabobi huɗu, Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, sun tafi a kan cewa ramuwa wajibi ce. Hujjarsu hadisin Anas ne a Bukhari da Muslim, cewa wanda barci ya ɗauke ko ya manta da sallah, ya sallace ta idan ya tuna. Suka ce idan mai uzuri bai kuɓuta daga ramuwa ba, ina ga wanda ba shi da uzuri? Suka ƙara da hadisin Ibn Abbas, inda Annabi (SAW) ya ce bashin Allah shi ya fi cancanta a biya. Ibn Hazm da Ibn Taimiyya kuwa sun ce sallah tana da ƙayyadadden lokaci, kamar yadda aya ta 103 a Suratun Nisa'i ta nuna, wanda ya fitar da ita daga lokacinta da gangan ba shi da abin ramawa, sai dai ya tuba ya yawaita nafila. Ka lura, ba sauƙi suka yi masa ba. Cewa suka yi laifin ya wuce a gyara shi da ramuwa.

Abin da nake ba ka shawara da shi shi ne ka rama. Idan jamhur, wato mafi yawan malamai masu cewa a rama, su ne suka dace, ka sauke nauyi. Idan ɗaya ɓangaren ne, sujadar da ka yi ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin hadisin Abu Huraira ya nuna ranar hisabi ana cike giɓin farilla da abin da bawa ya ƙara.

Inda mutane ke karaya shi ne wajen lissafi. Shekara uku ta haura sallah 5,000, mutum ya ji adadin sai gwiwarsa ta yi sanyi, har ya koma gidan jiya. Kada Shaiɗan ya shigo maka ta nan. Ka fara da tsare sallolin yau a kan lokaci, cikin jam'i. Sannan ka ɗora ramuwa. A littafin Ahalari da ake karantawa a zaurukanmu an ce wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci. Da haka za ka gama cikin wata bakwai da 'yan kwanaki. Idan sana'arka ba za ta bari ba, ka yi gwargwadon ikonka, ko da bayan kowace farilla ka rama irinta ɗaya ko biyu. Ka samu ɗan littafi kana rubutawa.

Kana rama kowace sallah yadda ta kuɓuce maka: ta zaman gida cikakkiya, ta halin tafiya ƙasaru, ta bayyane a bayyane, ta ɓoye a ɓoye. A wurin Malikiyya babu lokacin da aka hana ramuwar farilla, ko bayan La'asar ko bayan Asuba. Idan ba ka tabbatar da adadin ba, ka kimanta abin da zai cire maka shakka. Abin da ya wuce kafin balaga ba ya cikin lissafi, haka kwanakin haila da na biƙi ga mace. Lokacin da za ka ba nafila kuma, ka ba ramuwa, ban da shafa'i da wutiri da raka'o'i biyu na fajiri da sallar Idi.

Sai abokan nan. Ka canja wurin zama, domin wanda ya hana ka sallah jiya bai tuba tare da kai ba. Kuma ba sai ka riƙa ba mutane labarin abin da Allah Ya rufa maka ba.

Za ka iya jin wasu na cewa akwai wata sallah da ake yi ranar Juma'ar ƙarshen Ramadan wadda ke goge sallolin shekaru. Wannan ba shi da asali, malaman hadisi sun ce ƙirƙirarsa aka yi, kada ka dogara da shi. Wallahu a'alam.