Tsatsa ta kama zanen retablo na 'yan ci-ranin Meziko: in goge da lemon tsami?

Tambaya: Malam, ina zaune a Texas. Na sayi ɗan zanen retablo, irin wanda 'yan Meziko ke kaiwa coci don cika alkawarin godiya bayan sun tsira daga haɗari, a wurin mai sayar da tsofaffin kaya. Mutum ne yana ninƙaya a kogin Rio Bravo na iyakar Meziko da Amurka, Budurwar San Juan de los Lagos (siffar Maryamu uwar Yesu da 'yan Meziko ke girmamawa) tana samansa cikin gajimare, ga rubutun godiya a ƙasa. Tsatsa ta fara cin gefensa, fentin yana kumbura. An ce in goge da lemon tsami in shafa man sheƙi. Hankalina ya tashi, ina tsoron lalata shi.

Amsa: Malama, don Allah kada lemon nan ya taɓa shi. Ba tsufa kaɗai ke kashe irin waɗannan zane-zanen ba, har da hannun masu gyaran ganganci.

Abin da ke hannunki siririn farantin ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza, aka zana da fentin mai, sau da yawa ba tare da shimfiɗin fari ba. Tsatsa kan fara daga baki, daga hudar ƙusar da aka kafa shi a bangon coci, ko inda kuzar ta karce. Daga nan sai ta bi ƙarƙashin fenti. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take ɗaga fentin. Kumburin da kike gani ɓawo ne kawai, babu abin da ke riƙe da shi.

To, idan kika zuba lemon tsami, ruwan zai shige ta tsagun nan ya kwanta a inda tsumma ba ta kaiwa. Saman zai yi haske na 'yan kwanaki, ƙasan yana ci gaba da cinyewa fiye da dā. Gugar kanta za ta kwashe ɓawon. Man sheƙi kuwa zai rufe danshin a ciki, ya yi rawaya, kuma ranar da ƙwararre zai cire shi, sai ya taho da fenti. Haka kananzir da soson ƙarfe. Masu koyar da wannan a bidiyon intanet tukunya suka iya wankewa, ba su taɓa ganin zanen bayan shekara guda ba, kuma ba su ne za su yi asarar ba.

Abin takaici, rubutun ƙasa shi ne ke fara tafiya, domin yana kusa da baki kuma siriri ne. A nan ne mai alkawarin kan sa sunansa, da garinsu, da ranar da ya tsira daga ruwa ko daga jami'an iyaka. Irin wannan shaida ce Jorge Durand da Douglas Massey, masu bincike kan ci-rani, suka tattara suka wallafa a 1995. In ta goge, babu mai dawo da ita.

Yau ki ɗauki hotonsa gaba da baya, ki kwafe rubutun a takarda. Ki kwantar da shi fuskarsa sama cikin akwati mai murfi, kada komai ya taɓa fentin. Ki sa jakunkunan silika masu shan danshi a gefe, da ɗan ma'aunin danshi, ki riƙe danshin wajen kashi 40 cikin ɗari. Ki nisanta shi da kicin, banɗaki da gareji. Safar hannu ta roba za ki sa, gishirin gumi na jawo tsatsa. Ɓawon da ya faɗo ki adana a ambulan, kada ki manna da gam.

Sai ki nemi mai adana zane wanda ya san aikin ƙarfe. Gidan tarihi mafi kusa da ke zai nuna miki wanda za ki kai wa.