Yadda ake buɗe bakan hasken tauraro a gyara shi

Malam, ka ce ka sauke fayil ɗin FITS (tsarin fayil da masana sararin samaniya ke adana bayanai a ciki) na bakan haske, wato haske da aka rarraba bisa tsawon zangonsa, daga SDSS, wani babban shirin binciken sararin samaniya, kana neman manhajar da za ka duba shi ka kuma gyara. Ni dai Specviz nake ba ka shawara, kyauta ce, kan Python take aiki. Manhajar IRAF ma tana nan da umarnin splot, amma ta tsufa, sai mai haƙuri.

Da ka buɗe, fara neman layukan haidirojin, wato alamun da sinadarin haidirojin ke bari a cikin bakan. Layin H-alfa yana 6563 angistirom (ma'aunin tsawon zangon haske), H-beta kuma 4861. In ka same su sun gusa wajen ja, ɗebe asalin lambar daga wadda ka gani, ka raba da asalin, ka sami z, wato ma'aunin yawan gusawar. Da layukan haidirojin ne Maarten Schmidt ya gano z na 3C 273, wani abu mai tsananin haske can nesa a sararin samaniya, a 1963, kusan 0.158.

Wajen gyara kuwa, don Allah ka yi a hankali da sulɓe zanen (smoothing). Yana rage hayaniya, gaskiya ne, amma yana faɗaɗa siraran layuka, ya ɓata maka awonsu. Auna layi a kan ainihin bayanan, kuma ka ajiye fayil na asali daban kafin ka taɓa komai.