Tambaya da Amsa: Zan iya duba ƙwaƙwalwar ƙanena da manhajar kwaikwayo?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni mai rubuta manhaja ne a Samaru, na iya Python daidai gwargwado. Ƙanena yana fama da farfaɗiya shekara huɗu ke nan. Kwanan baya Hajiyarmu ta kai shi wurin wani mai "gwajin kwamfuta" a Sabon Gari, aka ce ƙwaƙwalwarsa ta warke, ya ajiye magani. Hankalina ya ƙi kwanciya. Na ji akwai manhajojin kwaikwayon ƙwaƙwalwa na kyauta. In na sauke su zan iya duba shi da kaina? Kuma irina zai iya shiga aikin gina su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ka ajiye kwamfutar tukuna, ka kai yaron nan wurin likitansa yau ɗin nan a mayar da shi kan magani. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa a jere ba tare da mutum ya farfaɗo ba, kuma ana rasa rai a haka.

Manhajojin da ka ji labari gaskiya ne, akwai su. NEURON, wadda Michael Hines ya daɗe yana jagoranta a Jami'ar Yale ta Amurka, ta ƙware wajen kwaikwayon ƙwayar jijiya ɗaya da rassanta. NEST ta fi ƙarfi a kan tarin ƙwayoyi masu ɗimbin yawa. Brian, wadda Romain Brette da Dan Goodman suka fitar a 2008, ita za ta fi maka daɗi, domin da Python ake rubuta ta, kana zuba lissafin ƙwayar kamar yadda yake a takarda. Duk a buɗe suke, kowa na iya karanta cikinsu ya gyara.

Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ke duba mara lafiya. A nan ne nake so ka buɗe kunne, don kusan kullum sai na ci karo da wannan ruɗani, har a bakin ɗalibai masu digiri. Kwaikwayo lissafi ne. Kai ne za ka ba manhajar adadin ƙwayoyin, kai za ka faɗa mata yadda suke haɗe, ita kuma ta nuna maka abin da zai biyo baya in zatonka daidai ne. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Ba ta san ƙanenka ba, ba ta taɓa ganinsa ba.

Duba girman abin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. A 2013 masana sun ɗora NEST a kan kwamfutar K ta Japan, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a duniya a lokacin, suka kwaikwayi ƙwayoyi biliyan 1.73. Sai da ta ɗauki minti 40 kafin ta fitar da aikin daƙiƙa ɗaya tak. Akwai kuma wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, an san yadda suke haɗe tun 1986, masu aikin OpenWorm suna kanta tun 2011, har yau ba su kammala kwaikwayonta ba. To yaya za a yi wani ya zauna a shago da tsohuwar kwamfuta, ya miƙa wa yaro ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, bayan minti biyu ya ce ya karanta ƙwaƙwalwarsa?

Na taɓa ganin irin takardar da suke bayarwa. Wata baiwar Allah ce ta zaro ta daga cikin leda, ta ninke ta huɗu tana lallaɓa ta kamar takardar gida, shafi shida na layuka kore da ja, a ƙasa an rubuta mata jerin magungunan da mai shagon da kansa yake sayarwa. Kuɗin da ta kashe a kansu ya isa sayen maganin ɗanta na watanni. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sun gane cewa da zarar an ce "kwamfuta ce ta faɗa", mutanenmu sun daina tambaya, sai suka mayar da wannan yarda jari. Kada ka zargi Hajiya, neman lafiyar ɗanta ne ya kai ta.

Inda kwaikwayo ya fi kusantar gadon asibiti shi ne The Virtual Brain, wadda Viktor Jirsa da abokan aikinsa a Marsel ta Faransa suke gwadawa a kan masu farfaɗiyar da ta gagari magani. Ko a can sai an yi hoton MRI, an kuma dasa wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa an naɗi motsinta, sannan sakamakon ya zama shawara kawai ga likitocin tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata, kuma likita ne kaɗai zai ce a rage shi.

Shiga aikin kuwa, ƙofa a buɗe take, kuma ana neman irinku, domin da yawa cikinmu mun san jijiya amma rubutun manhajarmu sai a hankali. Ƙaramar kwamfutarka ta isa kwaikwayon ƙwayoyi dubbai da Brian. Ka shiga shafinta a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye manhajoji ana haɗuwa a gyara su, ka ɗauki ƙaramar matsala ka gyara, ko ka inganta bayanin amfani. Darussan Neuromatch, masu koyar da nazarin ƙwaƙwalwa da kwamfuta, suna nan kyauta a intanet. Sannan ka leƙa wurin malaman kimiyyar jiki a Jami'ar Ahmadu Bello, ka nemi mai bayanan gwaji da ke buƙatar mai lissafi.

In za ku tafi asibitin koyarwa na Shika, ku riƙe kwalin tsohon maganin, ku rubuta ranar da ya daina sha. In kuma faɗuwa ta kama shi kafin nan, ku kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, in ta wuce minti biyar ku nufi asibiti kai tsaye.