Amsoshin Tambayoyinku: Abin da Ya Kamata Mai Son Buga Morse da Wat Biyar Ya Fara Saya

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Zariya, kuma na jima ina sha'awar rediyon 'yan sa-kai, wato masu aika wa juna saƙo ta rediyo don sha'awa kawai, musamman ɓangaren masu buga alamomin Morse, wato haruffan ɗigo da layi, da ƙaramin ƙarfi. Na ga wata 'yar na'ura mai suna Pixie da ake sayarwa da arha a intanet, na kuma ga QCX da Icom IC-705. Wacce zan saya? Kuma anya wat biyar zai kai ko'ina?

Amsa: Malam, bari mu fara da shakkar da kake yi game da ƙarfi, domin ita ce takan sa mutane su kashe kuɗin da bai kamata ba. Masu wannan sha'awa sun daidaita a kan cewa QRP, wato aiki da ƙaramin ƙarfi, a wajen buga Morse, shi ne wat biyar ko ƙasa da haka. Rediyon da yawancin 'yan sa-kai suke ajiyewa a gida wat 100 take fitarwa, wato ninki ashirin, amma a kunnen wanda yake saurare daga Jamus ko Birazil bambancin desibel 13 ne kawai, wanda bai wuce kusan layi biyu ba a ma'aunin ƙarfin sigina mai layi tara. Bayan haka, muryar mutum tana buƙatar faɗin kusan haz 2,400 kafin a fahimce ta, alhali siginar Morse tana shiga cikin matatar sigina (filta) mai faɗin haz 500 ko ma 200, don haka hayaniyar da take rakiyarta zuwa kunne ta ragu ƙwarai. Akwai kuma wata gata da kake da ita wadda Bature ba shi da ita: lambar kira mai farawa da 5N ta Najeriya, ko 5U ta Nijar, ko TT ta Chadi, ba a cika jin ta a iska ba, kuma masu tara yawan ƙasashen da suka yi hira da su za su kasa kunne su tono ka daga cikin hayaniya ko da siginarka ta yi rauni.

Pixie kam ban ba ka shawarar ka fara da ita ba. Ƙarfinta bai kai wat ɗaya ba, galibi an ɗaure ta a wuri guda a kan zango, 7.023 megahaz, ba ta da matatar kirki, ga shi kuma manyan tashoshin gajeren zango sukan kutsa cikinta da dare. Tana da amfani wajen koyon haɗa kaya da dalma, amma kai da wannan ce sana'arka ba ka buƙatar wannan darasi, kuma mai farawa da ita yakan yi ta kira babu amsa har ya ɗauka laifin hannunsa ne. IC-705 kuwa rediyo ce mai kyau, tana da allo mai nuna duk abin da ke gudana a zangon, tana yin murya da Morse, sai dai kuɗinta ya haura dala dubu kafin kuɗin kwastan, tana shan batir, kuma idan ta lalace ba abin da za a buɗe a gyara a shago ba ne.

QCX ta kamfanin QRP Labs, wadda Hans Summers ya tsara, ita ce ta dace da kai. Ana sayar da ita a warwatse ka haɗa da kanka, kuɗinta bai kai dala ɗari ba, tana fitar da kusan wat biyar, tana da matatar haz 200, kuma kayan gwajin da za ka daidaita ta da su suna cikinta. Aikin da ya fi ba mutane wuya shi ne naɗa siririyar waya a kan 'yan zobban ƙarfe, musamman taransifoma mai naɗi huɗu, sannan a kankare fentin da ke jikin wayar sosai kafin a sa dalma. Yawancin waɗanda tasu ta ƙi tashi a nan suka yi sakaci. Zango ɗaya kawai take yi, saboda haka sai ka zaɓa tun wajen oda, kuma ni zangon mita 20, wato na wajen megahaz 14, zan ce ka ɗauka. Mita 40 tana da daɗi da dare, amma a ƙasashenmu tsawar damina tana cika ta da ƙara, kuma maƙwabtan da za ka yi hira da su a kusa ba su da yawa, alhali mita 20 tana buɗewa zuwa Turai da yamma kusan kullum. Matattarar masu ƙaramin ƙarfi a can ita ce 14.060 megahaz.

Sai dai kada ka aika ko ɗigo ɗaya kafin ka sami lasisi da lambar kira. Saurare ba laifi ba ne a yawancin wurare, amma watsa sigina ba izini laifi ne, kuma babu ɗan sa-kai na ƙwarai da zai amsa wa lambar bogi. Ka tuntuɓi ƙungiyar 'yan sa-kai ta Najeriya, wato NARS, su nuna maka hanyar da ake bi a yanzu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Maraɗi. Ina da tsohuwar rediyon mahaifina da yake sauraron sashen Hausa na BBC da ita. Zan iya jin Morse da ita? Kuma wane madannin buga Morse zan saya don koyo?

Amsa: Ɗan'uwa, rediyon Baba ba za ta yi wannan aiki ba, ko da tana kama gajeren zango. Siginar Morse kunnawa da kashewa ce kawai ba tare da sauti ba, kuma sai rediyo tana da wani ɗan sashe da yake haɗa nata kaɗawar da siginar kafin ka ji ƙarar "di-da". Wadda ba ta da shi, huci da bugu kawai za ta ba ka. Idan za ka sayi ta hannu, ka nemi wadda aka rubuta SSB a jikinta, irin su Tecsun PL-330 ko XHDATA D-808. Idan kuwa kuɗi bai samu ba tukuna, Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan tana da rediyo a intanet wadda kowa zai iya murɗawa daga wayarsa, sai ka sa ta tsakanin 14.000 da 14.070 megahaz ka saurara.

Madanni kuwa ka dakata da shi, domin kunne ne yake fara koyo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haddace jadawalin ɗigo da layi da ido, wanda yake sa mutum ya riƙa ƙirga a zuci, kuma mai ƙirga yakan maƙale a wajen kalma goma a minti. Hanyar Koch, wadda wani Bajamushe mai suna Ludwig Koch ya fito da ita a shekarun 1930, tana farawa da haruffa biyu kacal a cikakken sauri, kamar kalma 20 a minti, kuma ba za ka ƙara harafi na uku ba sai ka riƙa kama kashi 90 cikin ɗari daidai. Wanda ya san kalangu ya san cewa ba a ƙirga bugu kafin a gane kirarin da makaɗi yake yi, kiɗan ne gaba ɗaya yake faɗa wa kunne. Haka kowane harafi ya kamata ya zame maka. Shafin LCWO yana koyar da wannan hanya kyauta. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi awa biyu ranar Lahadi.

Kada rashin Turanci ya hana ka. Hirar farko kusan duk gajerun alamomi ce da duniya ta amince da su: CQ kiran kowa ne, DE na nufin daga, 599 rahoto ne cewa ana jin ka sarai, QRS roƙo ne a rage sauri, 73 kuma sallama ce. Tun shekarar 2003 dokar ƙasa da ƙasa ta daina wajabta jarrabawar Morse kafin a ba da lasisin gajeren zango, don haka masu buga ta a yau don so suke yi, kuma mafi yawansu za su sassauta maka idan ka roƙa. In lokacin madanni ya yi, na hannu mai hawa da sauka ya isa, har ma kana iya ƙera shi da guntun zarton ƙarfe da katako.

Tambaya: Gidanmu a Kano muna amfani da sola da inbata. Wace eriya ce ta fi kyau in yi oda daga waje?

Amsa: Kada ka yi odar eriya, Malam, ka ƙera ta. Ka raba 143 da adadin megahaz ɗin da kake so, amsar ita ce tsawon wayar a mita: a 14.060 kusan mita goma da 'yan kai ke nan, ka yanka ta biyu daidai, ka haɗa kowane ɓari da ɓangare ɗaya na kebul a tsakiya. Kebul ɗin tauraron ɗan'adam da ake samu a kowace kasuwa om 75 ne, ya kusa dacewa da irin wannan eriya, kuma zai yi aiki, sai dai rigarsa ta alminiyam ba ta kama dalma, saboda haka ka yi amfani da kan da ake murɗawa. Abin da ya fi tasiri shi ne tsayi: ka ɗaga ta mita takwas zuwa goma idan da hali, nesa da kwanon rufi da wayar lantarki. Kuɗin da ka tanada ka sayi NanoVNA da shi, wata 'yar na'urar auna daidaiton eriya, domin 'yan taransistan ƙarshe na ƙananan rediyo suna saurin ƙonewa idan eriya ba ta daidaita ba.

Matsalarka ta gaske inbata ce, tare da na'urar cajin sola da ƙwayayen fitila masu arha da cajar waya, waɗanda dukkansu suke zuba ƙara a gajeren zango. Ka gwada da kanka: ka kunna rediyo da batir, ka kashe komai na gidan, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7, irin na cikin UPS, zai riƙe QCX yini guda, don haka kana iya kashe inbata lokacin da kake kan iska, ko ka ɗauki kayan ka fita bayan gari inda babu ƙara. Da hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a kan waya har ta yi tartsatsi a bakin kebul, da damina kuma ga tsawa. A duka lokutan biyu ka cire eriya daga rediyo da zarar ka gama. Ranar da lasisinka ya fito, ka buga CQ da lambarka sau biyu ko uku, sannan ka duba shafin Reverse Beacon Network, inda na'urorin saurare na ƙasashe daban-daban suke rubuta wanda suka ji da ƙarfin da suka ji shi. Idan lambarka ba ta fito ba, ka ƙara wa eriya tsayi ko ka sake gwadawa dab da faɗuwar rana kafin ka zargi rediyon.